Digirin falsafa da bashin karatu: lissafin zai fita kuwa?

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata magana aka kawo mini, na ga gara in baje ta a nan inda akwai masu sanin lissafi da masu sanin harkar jami'a. Yarinya ce, iyayenta na zaune a Amurka, tana da grin kat, ta gama sakandare, kuma ta kafe a kan falsafa za ta karanta. Jami'a biyu suka ɗauke ta. Ta farko ta gwamnatin jihar da suke zaune ce, kuma bayan an cire tallafi, bashin ɗalibai na gwamnatin tarayya ya isa ya rufe abin da ya rage. Ta biyu mai zaman kanta ce, mai suna, amma bayan wancan bashin sai mahaifin ya ƙara ciwo kusan dala 18,000 kowace shekara. Shi kuma mahaifin ya ce ko dai ta koma kwamfuta ko aikin jinya, ko kuma ya zare hannunsa. To abin da mai digirin falsafa ke samu in ya gama, ya kai a ci bashi dominsa?

Garba_Kwari:
Wa alaikumus salam. Mahaifin ya fi ta gaskiya. Wa ya taɓa ganin tallar aiki an ce ana neman mai falsafa? Ko Marco Rubio, a muhawarar 'yan takarar jam'iyyar Republican ta watan Nuwamba 2015, cewa ya yi masu walda sun fi masana falsafa samun kuɗi. Ɗan ƙasar ne fa ya faɗa.

Akanta_Fagge:
Malam Garba, bari mu fara auna bashin kafin mu je ga albashi, domin ba bashi ɗaya Baban Ilham ya kawo ba, biyu ne, kuma ba su haɗa hanya ba.

Ɗalibin da ke ƙarƙashin iyayensa, iyakar abin da gwamnatin tarayya ke ranta masa da sunansa shi ne dala 5,500 a shekarar farko, 6,500 a ta biyu, 7,500 a ta uku, 7,500 a ta huɗu. Jimilla 27,000. Kuɗin ruwa na shekarar karatu ta 2025/2026 kashi 6.39 cikin 100 ne. Kowace 1 ga Yuli ake sa sabon farashi, amma wanda ka ci bashi a kansa shi zai bi wannan kason har ka gama biya. Ana fara biya wata shida bayan kammalawa. In aka raba 27,000 a kan shekara goma, zai kama kusan dala 305 a wata, a ƙarshe an biya wajen 36,600.

Na mahaifin kuwa shi ake kira Parent PLUS. Ruwansa a wannan shekarar kashi 8.94 ne, kuma tun kafin kuɗin ya isa makaranta ake yanke ladan kashi 4.228, wato dala 761 daga kowace 18,000. Shekara huɗu ya zama 72,000. In ya ce a jinkirta masa biya har yarinyar ta gama, ruwa bai tsaya ba: kowane kaso na haifar da kusan dala 1,600 a shekara, don haka ranar bikin yaye ta bashin ya kusa 88,000. A shekara goma wannan ya haura dala 1,100 a wata. Haɗa da nata, gidan zai riƙa fitar da wajen dala 1,420 duk wata.

Yanzu mu ɗauka ta fara aiki a kan dala 45,000 a shekara, wato 3,750 a wata kafin haraji. A jami'ar jiha bashin zai ci kashi 8 na albashinta. A mai zaman kanta, in ita za ta ɗauke wa uban, kashi 38. Kwas ɗin bai canja ba a lissafin nan guda biyu.

Maman_Sultan:
Yallabai Akanta ka bar abu ɗaya. Dokar da Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta sa wa Parent PLUS iyaka daga 1 ga Yuli 2026: dala 20,000 a shekara, 65,000 gaba ɗaya a kan kowane ɗalibi. Wanda zai fara yanzu ba zai samu 72,000 ɗin ba ma. A shekara ta huɗu sai ya nemo cikon 7,000 a banki, kuma bashin banki ba ya duba albashinka ya rage maka biya.

Akanta_Fagge:
Haka ne Hajiya. Kuma a ƙara da cewa Parent PLUS a wuyan uba yake a doka. Ko da 'ya ta yi alkawarin za ta biya, in ta kasa shi za a bi.

Garba_Kwari:
Duk na ji. Amma 45,000 ɗin nan ai ƙiyasi ne. Wa ya ce za ta samu?

Ladidi_Kididdiga:
Ga abin da alƙaluma ke nunawa. Teburin da aka fi yawo da shi shi ne na kamfanin PayScale wanda jaridar Wall Street Journal ta buga a 2008. A ciki, mai digirin farko na falsafa na farawa da dala 39,900, amma a tsakiyar rayuwar aiki ya kai 81,200. Mai digirin gudanar da kasuwanci ya fara da 43,000, sama da shi, amma ya tsaya a 72,100. Alƙaluman sun tsufa, kar wani ya ɗauke su ya yi kasafi da su yau. Abin da bai tsufa ba shi ne siffar abin: farawa ƙasa, hawa a hankali, sannan a cimma wasu a wuce su. Teburin da reshen babban bankin Amurka na New York ke sabuntawa kowace shekara ma yana nuna falsafa na ƙasa da injiniyanci da kwamfuta da jinya a farkon aiki.

Matsalar ita ce bashi ba ya jiran tsakiyar rayuwar aiki. Shekaru goman farko, lokacin da albashin mai falsafa ya fi rauni, su ne daidai shekarun da ake biya. Ma'aikaciyar jinya tana fara karɓar albashi mai kauri daga watan farko, don haka ita tana iya ɗaukar bashin da mai falsafa ba za ta iya ba, ko da a ce bayan shekara ashirin za su yi kunnen doki.

Sai kuma a lura, alƙaluman nan na wanda ke tsakiyar layi ne: rabi sun fi shi, rabi ba su kai shi ba. A jinya mutane na taruwa kusa da tsakiyar. A falsafa a warwatse suke, akwai wanda ke babban kamfani, akwai wanda ke sayar da kofi da digiri a aljihu.

Game da Rubio, Malam Garba, masu bin diddigi sun duba maganar tun a lokacin, alƙaluman gwamnati ba su goyi bayansa ba. Shi kansa a 2018 ya ce ya sauya ra'ayi a kan falsafa.

Shamsu_Dev:
Ai ba sai an je da nisa ba. Dubi manyan attajiran Amurka: Peter Thiel falsafa ya karanta a Stanford. Stewart Butterfield da ya kafa Slack, falsafa. Reid Hoffman na LinkedIn ya yi digiri na biyu a falsafa a Oxford. Carl Icahn ma a Princeton. A bar yarinya ta yi abin da take so.

Ladidi_Kididdiga:
Shamsu, mutum huɗu ka lissafa, uku daga Stanford da Oxford da Princeton. Waɗanda suka karanta falsafa ba su kafa komai ba, ba wanda ya san sunansu balle ya kawo su nan. Ba a cin bashi da sunan Thiel.

Dakta_Mamman:
Ina so in taɓa wani wuri da masu kare falsafa ke yawan zamewa. Gaskiya ne ɗaliban falsafa na cikin na gaba-gaba a jarrabawar LSAT ta shiga makarantar lauyoyi, kuma a GRE, jarrabawar shiga karatun gaba da digirin farko, su ne kan gaba ko kusa da gaba a ɓangaren fahimtar rubutu da na rubuta hujja. Sassan falsafa na liƙa wannan a ƙofarsu. Amma tambayar da ba a liƙawa ita ce: falsafar ce ta kaifafa su, ko dama masu kaifin ne ke zaɓen ta? Yaron da ya zaɓi ya zauna da Kant da Aristotle don kansa ba irin kowane yaro ba ne, kuma jami'o'in da ke da manyan sassan falsafa galibi masu wuyar shiga ne. Duka biyun na aiki, raba su ne da wuya. Abin da wannan ke nufi ga mahaifin shi ne in 'yarsa haziƙa ce, wani kaso na albashin da ake jingina wa falsafa za ta same shi ko me ta karanta. Haka kuma in aka tura ta kwamfuta ba ta so, ba albashin ɗan kwamfuta na tsakiya za a auna ta da shi ba. Wanda aka tura dole yakan fito da sakamako mai rauni, ko ya canja kwas a shekara ta uku ya ƙara shekara guda da kuɗinta, ko ya bari gaba ɗaya. Kuma a alƙaluman waɗanda suka kasa biyan bashi a Amurka, waɗanda suka bar karatu ba su gama ba su ne suka fi yawa, ko da bashinsu kaɗan ne.

Garba_Kwari:
Dakta, da wannan hujjar ai kowane yaro sai ya ce a bar shi ya yi abin da ya ga dama.

Dakta_Mamman:
A'a ranka ya daɗe. Ya yi abin da zai iya gamawa, a farashin da zai iya biya.

Barista_Hauwa:
Tunda an ambaci LSAT bari in sa baki. A Amurka ba a karanta lauya a digirin farko. Sai ka gama wani digiri, kowane iri, sannan ka yi shekara uku a makarantar lauyoyi. Shi ya sa falsafa ta zama ɗaya daga cikin hanyoyin da aka saba bi. Kuma fiye da rabin masu digirin falsafa a can suna ƙara wani digiri a sama. To a nan tarkon yake. In teburin da kake dubawa ya haɗa da waɗanda suka ƙaro karatu, albashin lauya kake gani an rubuta shi da sunan falsafa, ba a nuna maka bashi na biyu da aka ci ba. Kafin ka yarda da kowane tebur, duba ƙasan shafi ka ga ko na masu digirin farko kaɗai ne.

Makarantar lauyoyi kuwa tana iya cin fiye da dala 150,000 a shekara uku in ba tallafi. Dokar da Hajiya Maman Sultan ta ambata ta rufe bashin Grad PLUS, wato na masu karatun gaba da digirin farko, ga sababbin ɗalibai daga Yuli 2026, ta kuma sa iyakar dala 50,000 a shekara, 200,000 gaba ɗaya, ga karatun sana'a irin su lauya da likita. Makarantun suna ba da ragi mai yawa ga wanda ya zo da makin LSAT mai kyau, ana auna shi daga 120 zuwa 180, tare da sakamakon digiri mai ƙarfi. Don haka in lauya ce manufarta, ta yi digirin farko a inda ya fi araha, ta fito da maki mai kyau, ta ajiye ƙarfin cin bashinta don mataki na biyu.

Ga 'yan uwa na gida, kar a kwafi wannan a kawo Najeriya. A nan lauya digirin farko ne na shekara biyar. Mai digirin falsafa in yana so sai ya nemi shiga kai tsaye a aji biyu, ya yi shekara huɗu, sannan makarantar horar da lauyoyi. Shekarun falsafarsa guda huɗu shekara ɗaya kawai suka rage masa.

Abu_Sumayya:
Ina ta karantawa ban ga wanda ya kira abin da sunansa ba. Kashi 6.39 da kashi 8.94 riba ce. Kafin a tambayi ko lissafi zai fita, a tambayi ko ya halatta. Sannan ita kanta falsafar, malamai sun yi magana a kanta tun da daɗewa.

Malam_Zaure:
Malam Abu Sumayya, maganar riba ka faɗi gaskiya, kuma wannan iyalin su kai ta gaban malamin da suka yarda da shi wanda ya san yanayin ƙasar. Amma akwai bayanin da ya kamata su tafi da shi. A cikin 27,000 ɗin, har dala 19,000 na iya zama irin bashin da gwamnati ke ɗauke wa ɗalibi ruwansa muddin yana makaranta da kuma wata shida bayan ya gama, in binciken FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, ya nuna gidan na da buƙata. Kuma ba a cin tarar wanda ya biya da wuri. Wasu gidaje na karɓar wannan kason kaɗai, su tara kuɗi su biya kafin wa'adin ya cika. Ko sa hannu a kan yarjejeniyar da ke ɗauke da sharaɗin ruwa shi kansa ya halatta, wannan malamai sun saɓa, ba a nan za a yanke ba.

Ita kuma falsafa, Imam Gazali da ya yi wa masu falsafa raddi, shi ne kuma ya tsaya a kan cewa ilimin manɗiƙi, wato ilimin tsara hujja, abin buƙata ne ga mai neman ilimi, kuma har yau ana karanta manɗiƙi a zaurukanmu. Ibn Rushd alƙali ne kuma babban malamin fiƙihun Malikiyya.

Abu_Sumayya:
Manɗiƙi daban, abin da ake koyarwa a jami'o'in Turawa daban. Amma na bar wannan, kar mu kauce.

DanZinder:
Ku ku ke mamakin abin da mai falsafa zai yi. A Nijar falsafa darasi ne a ajin ƙarshe na sakandare, kuma tana cikin jarrabawar bak ta kammala sakandare, kamar yadda tsarin Faransa yake. Duk makarantar lise, wato babbar sakandare, na buƙatar malamin filo, wato falsafa. Wanda ya fito daga sashen falsafa na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai yana da ƙofa da ya sani, ko da kwantiragi ne zai fara kuma albashin ba wani abin a zo a gani ba. Sannan ɗalibi a nan bursi, wato tallafin karatu, yake nema wajen hukumar ANAB, ba bashi ba. Tambayar Baban Ilham ba ta ma taso mana a wannan siffar.

Sadiq_Samaru:
Mu a Najeriya akasin haka ne, Ɗan Zinder. Falsafa ba ta cikin darussan WAEC ko NECO, don haka ba gurbin malamin falsafa a sakandare. Wanda ya gama yakan yi difloma ta koyarwa, PGDE, ya yi rajista da hukumar malamai, ya koyar da darasin gwamnati ko na zama ɗan ƙasa. A jami'a akwai darasin falsafa da manɗiƙi da ake yi wa kowa a cikin darussan gama-gari, amma guraben masu koyar da shi kaɗan ne kuma sai da digiri na biyu. Aikin gwamnati kuwa bai cika damuwa da kwas ba, mai digiri mataki na 8 yake shiga. Bankuna ma matakin sakamako da shekaru da jarrabawar gwaji suka fi dubawa. Manyan sassan falsafa na ƙasar nan a kudu suke, Ibadan da Ife da Legas da Nsukka, inda Peter Obi ya yi nasa ya gama a 1984.

Amma bashin ne ya bambanta ƙwarai. NELFUND, asusun bashin ɗalibai na gwamnatin tarayya, wanda Tinubu ya sa wa dokarsa hannu ranar 3 ga Afrilu 2024, ba shi da ruwa. Suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, in ka nema su ba ka naira 20,000 a wata na kashewa. Na ɗaliban makarantun gwamnati ne kawai. Ana neman lambar JAMB, NIN da BVN, kuma sai makarantarka ta tura musu bayananka, nan ne mutane suka fi maƙalewa, musamman in sunan da ke NIN bai yi daidai da na JAMB ba. Biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa, kashi 10 na albashi.

Misali: a ce kuɗin makaranta naira 150,000 a shekara. Shekara huɗu 600,000. A albashin 120,000, ana cire 12,000 a wata, wata 50 an gama. In ka haɗa da na kashewa, mu ce wata 12 a shekara don sauƙin lissafi, bashin ya zama 1,560,000, biya ya koma wata 130, kusan shekara 11. Kuɗin kashewar ne ke kumbura bashin, ba kuɗin makaranta ba.

Akanta_Fagge:
Sadiq, ƙara da hauhawar farashi. A ƙarshen 2024 ta haura kashi 34. Ko a kashi 20 ta tsaya, darajar naira na raguwa da rabi cikin ƙasa da shekara huɗu. Bashin da ba ruwa, wanda ba za a fara biya ba sai bayan shekara shida ko bakwai daga kason farko, abin da za ka mayar bai kai abin da ka karɓa ba a daraja. A Najeriya asarar mai karanta falsafa ba bashin ba ne, shekarun ne, da kuma zaman jiran aiki bayan bautar ƙasa.

Yar_Gidan_Liman:
Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma dai a tuna in mutum ya mutu da bashin jama'a a wuyansa fa?

Sadiq_Samaru:
Dokar 2024 ta tanadi yafe bashin in wanda ya ci ya rasu, Hajiya. Na gwamnatin Amurka ma haka ne, mutuwa na goge shi. Na banki ne sai an karanta takarda da kyau.

Nura_Bradford:
Bari in kawo na Ingila don a ga yadda tsarin biya ke juya amsar. Wanda ya fara karatu daga Agusta 2023 yana kan tsarin biyan bashi da ake kira na biyar. Kuɗin makaranta fam 9,535 a 2025/2026. Ba ka biyan komai sai albashinka ya wuce fam 25,000 a shekara, sannan a cire kashi 9 na abin da ya haura. Mai fam 30,000 zai biya kashi 9 na 5,000, wato fam 450 a shekara, 37.50 a wata, ko bashinsa 30,000 ne ko 60,000. Abin da ya rage bayan shekara 40 a goge. Mai falsafa da ya fara da ƙaramin albashi ba zai shiga matsin da Akanta ya lissafa ba, sai dai zai daɗe ana cire masa, wataƙila har furfura. Wannan na mazauna ne da suka cika sharuɗɗa. Ɗalibi daga Kano kuɗin baƙi zai biya, ba kuma zai samu bashin ba.

Malam Abu Sumayya, a nan ma akwai ruwa, ana ɗaure shi da ma'aunin hauhawar farashi. Tun 2013 David Cameron ya yi alkawarin tsarin da ya dace da shari'a, aka yi ta jan ƙafa shekara da shekaru.

Kuma a Ingila falsafa ta fi tsada a kasuwa in an haɗa ta da siyasa da tattalin arziki, kwas ɗin PPE na Oxford wanda Cameron da Rishi Sunak da Malala suka yi.

Baban_Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To a taƙaice me zan ce wa mahaifin ya yi, mataki-mataki?

Maman_Sultan:
Da farko su ɗauki takardar tayin kowace jami'a su ware kyauta daga bashi. Jami'o'i na jera su tare a ƙarƙashin sunan tallafi, har da Parent PLUS, sai ka ga kamar an rufe komai. Abin da ba a mayarwa kaɗai za a cire daga jimillar kuɗin shekara, kuma jimillar ta haɗa da ɗaki da abinci da littattafai da inshorar lafiya. Su tambaya a rubuce ko kyautar ta shekara huɗu ce, da kuma makin da za a riƙe don kar a janye ta. Da yawa a shekara ta biyu suke ganin an rage.

Sannan su shiga College Scorecard, shafin ma'aikatar ilimi, su nemi jami'ar, su nemi falsafa a cikinta. Zai nuna albashin tsakiya na waɗanda suka gama wannan kwas a wannan makarantar, da bashin da suka fita da shi. Aibinsa biyu: waɗanda suka karɓi tallafin tarayya kaɗai yake ƙirgawa, kuma in sashen ƙarami ne ba ya nuna komai, wanda hakan na yawan faruwa da falsafa. In babu, a dubi na tarihi ko na kimiyyar siyasa a makarantar, za su ba da haske.

Ma'aunin da masu ba da shawara ke amfani da shi: jimillar bashi kar ta wuce albashin shekarar farko. 27,000 ta shiga. 99,000, wato nata haɗe da 72,000 na uban, ba ta shiga ba ko da jinya ta karanta.

Su kuma rubuta wa ofishin tallafi na jami'a mai zaman kanta, su haɗa da takardar ɗayar, su nemi a sake duba musu. Ana yi, kuma wani lokaci ana ƙarawa.

Shamsu_Dev:
Abin da zan ƙara: a Amurka ba kamar gida ba ne da JAMB ke ɗaure ka da kwas tun ranar farko. Digiri wajen maki 120 ne na darussa, falsafa a yawancin jami'o'i 30 zuwa 36 take ci. Akwai fili sosai na haɗa ta da tattalin arziki ko lissafi ko kwamfuta a fito da fanni biyu a digiri ɗaya, ba ƙarin kuɗi in an tsara tun shekarar farko. Inda ake lalacewa shi ne darussan da sai an yi wani kafin a yi wani. In ba ta fara lissafin ba sai shekara ta biyu, jerin zai tura ta shekara ta biyar. Jinya kuwa da wuya take haɗuwa da wani fanni, jadawalinta a cike yake da zuwa asibiti. Kuma kowane dogon hutu ta nemi aikin koyon sana'a a kamfani ko ofis, shi masu ɗaukar aiki ke fara tambaya.

Garba_Kwari:
Kun ga kun dawo inda nake. In sai an jingina ta da kwamfuta kafin ta ci abinci, to kwamfutar ce ke ciyarwa.

Dakta_Mamman:
Ko kuma kwamfutar ce ke buɗe ƙofa, iya rubutu da warware hujja su kai mutum kujerar sama. Teburin Hajiya Ladidi na tsakiyar rayuwar aiki bai ƙaryata hakan ba. Gargaɗi ɗaya dai: in burinta ta zama malamar jami'a, digirin digirgir a falsafa shekara biyar zuwa bakwai ne, guraben dindindin ba su kai yawan masu fitowa ba, da yawa na ƙarewa a koyarwar wucin gadi da ake biya kwas-kwas. Kar ta biya ko sisi don yin sa. Sashen kirki shi ke yafe kuɗin makaranta ya kuma ba da alawus.

Auwal_Gusau:
Don Allah tambaya. Wanda yake Najeriya ya samu gurbin falsafa a Amurka, duk wannan lissafin ya shafe shi?

Barista_Hauwa:
Bai shafe shi ba, nasa ya fi tsanani. Mai bizar ɗalibi ta F-1 ba ya samun bashin tarayya ko tallafin Pell, kyautar da gwamnatin tarayya ke ba masu ƙaramin ƙarfi. Jami'ar jiha kuɗin baƙo za ta caje shi, wanda a 2024/2025 matsakaicinsa ya kai kusan dala 30,000 a shekara, alhali ɗan jiha na biyan ƙasa da 12,000. Bankuna galibi sai da ɗan ƙasa ko mai grin kat da zai tsaya masa, kuma in ya kasa wancan za a kama. Bayan ya gama, izinin aiki na OPT wata 12 ne. Masu kimiyya da fasaha da injiniyanci da lissafi ana ƙara musu wata 24, falsafa ba ta cikinsu. Wato dama ɗaya yake da ita, ko biyu in lokaci ya yi masa daidai, a cacar bizar aiki ta H-1B mai gurbi 85,000 a shekara. In bai dace ba ya dawo gida yana karɓar naira yana biyan dala. In ba cikakken tallafi aka ba shi ba, ban ga hanyar ba.

Auwal_Gusau:
To in ya haɗa falsafar da lissafi kamar yadda Shamsu ya ce, zai samu ƙarin wata 24 ɗin?

Barista_Hauwa:
In lissafin cikakken fanni na biyu ne da aka rubuta a takardarsa ta I-20, wadda jami'a ke ba ɗalibin ƙasar waje don biza, eh, kuma aikin da zai yi dole ya danganci lissafin. In ƙaramin fanni ne na ƙari, a'a. Ya je ofishin ɗaliban ƙasashen waje ya ga lambar kwas ɗin da suka sa masa tun kafin shekarar ƙarshe.